Lanhon Zaƙi da Maiƙo

A makon ƙarshe na watan Satumban 2011 man shanu ya yi wuyar samu a kantunan ƙasar Danmak. Ba fari aka yi ba, shanun kuma ba su ƙi tatsuwa ba. Mutane ne suka yi ta saye suna jibgewa cikin firji, domin ran 1 ga Oktoba wata sabuwar doka za ta fara aiki. Dokar ta ce duk abincin da kitse mai daskarewa ya wuce kashi 2.3 cikin 100 na nauyinsa sai an biya masa haraji, kurona 16 a kan kowane kilo na kitsen. Jaridun duniya suka ɗauka, suka ce ga ƙasa ta farko da ta sa wa kitse lanho don ƴaƴanta su rage ƙiba. Watanni 15 kacal dokar ta yi a duniya, kuma gwamnatin ƙasar ce da kanta ta kai ta kushewa.

Ni karatun harshe nake yi, ba na lafiya ko na tattalin arziki ba, kuma ta ƙofar harshe na shiga tarihin nan. Abin da na lura da shi, duk ƙasar da ta tashi sa wa abincin banza haraji, faɗanta na farko a kan suna ne. Mi ake nufi da abincin banza? Ingilishi suna cewa junk food, wato abincin tarkace. Faransawa suna cewa malbouffe, kalmar da ta yi tashe bayan José Bové da manoma ƴan'uwansa sun wargaza wani gidan McDonald's da ake ginawa a garin Millau a 1999. Mutanen Meziko suna cewa comida chatarra, chatarra kuwa tsohon ƙarfe ne, irin wanda ƴan jari-bola ke bi unguwa-unguwa suna saye. Mu muna da kayan ƙwalama, kayan maƙulashe, lashe-lashe da tanɗe-tanɗe. Ku dubi kalmomin nan da kyau: na Turawa zagi ne, namu kuwa tsokana ce, har da ɗan yawu a baki. Amma babu ko ɗaya cikinsu da za a rubuta cikin doka a miƙa wa ma'aikacin duwan. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To doka ba ta yarda da ido, mudun take so, kuma wurin yanka mudun ne ake cin nasara ko a faɗi.

Haraji a kan zaƙi dai tsohon abu ne. Kalmar sukari kanta ta fi yawancinmu yawon duniya. A harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya sharkara ake cewa, asalin ma'anarta tsakuwa ko ɓarɓashi. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, daga nan hanya ta rabu, wata ta haura Turai ta zama sucre, wata ta biyo ayari ta iso mana. Ita ma haraji baƙuwa ce, daga kharaj na Larabci, kuɗin ƙasar noma. Lanho kuwa kun san l'impôt ne bakin kakanninmu ya tausa, a zamanin da ake biyansa da kuka. Inda duk sukari ya sauka masu mulki sun biyo shi da faranti, domin abu ne da ke zuwa daga nesa, ta tashar jirgin ruwa, inda ƙirga buhu ba shi da wuya. A 1776 Adam Smith, wanda ake kira uban ilimin tattalin arziki, ya lissafa sukari tare da taba da barasar rake cikin abubuwan da suka dace da haraji, dalilinsa shi ne ba dole ba ne ga rayuwa amma kusan kowa na amfani da su.

Ingila ce ta fi nuna abin a fili. Wajajen 1700 abin da mutum guda ke sha a shekara bai wuce kilo 2 ba. Wajajen 1800 ya kai kilo 8. Raken kuwa a Jamaika da Babados ake nomansa, da gumin bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma, kada mu manta da wannan. Gwamnati ta yi shekaru tana cika baitulmali da kuɗin fiton sukari, sai a 1874 ta soke shi ɗungurungum. Sukari ya yi arha, ya shiga shayin ma'aikatan masaƙa da safe, ya shiga abin shafa wa burodin ƴaƴansu, har wajajen 1900 ya kai kimanin kilo 40 ga kowane mutum a shekara. Masanin nan Sidney Mintz ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1985, ya nuna yadda abin marmarin sarakuna ya koma abin toshe yunwar talaka. A 1901 aka maido da harajin, don a biya kuɗin yaƙi a Afirka ta Kudu. Norwe ta sa wa cakulan haraji a 1922 a matsayin kayan alatu. Cikin duk waɗannan babu wanda ya ambaci ƙiba. Kuɗi ake nema, an kuma faɗi haka ba kunya.

Tunanin a sa haraji don a hana mutane cin abu sabo ne. Tushensa yana wurin wani masanin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, wanda a 1920 ya ce in harkar wani tana jawo wa jama'a asarar da ba shi ke biya ba, to a sa mata haraji gwargwadon asarar. An gwada a kan taba sigari, ya yi aiki. A 1994 Kelly Brownell na jami'ar Yale a Amurka ya rubuta a jaridar New York Times cewa a yi wa abincin da ba shi da amfani a jiki irin wannan. Dariya aka yi masa. Amma alƙaluma suka ci gaba da hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, sama da mutum biliyan 1 ke nan, kuma a cikin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Bayan ƙiba kuma ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga ciwon zuciya da na ƙoda, cututtukan da ba sa kashewa yau amma sai sun cinye gida kafin su kashe. Ministocin kuɗi suka fara sauraron abin da suka yi wa dariya.

Mu koma Danmak mu ga inda gizo ya yi saƙa. Dokarsu ba ta ambaci sunan wani abinci a matsayin na banza ba. Sinadari ta kama, wato kitse mai daskarewa, ta ce duk inda yake a biya. A takarda wannan ya yi kama da adalci da ilimi. A kanti kuwa ma'anarsa man shanu, cuku, nama, man girki, abin da kowace uwa ke ɗorawa a tukunya kullum. Ƙullin man shanu na giram 250 ya ƙaru da sama da kurona 2. Kuma Danmak ƙasa ce ta kiwon shanu da aladu, da man shanu take tinƙaho a kasuwar duniya. Kamar a ce yau a Maraɗi an sa wa man gyaɗa lanho don lafiyarmu. Sannan ga wahalar awo. Ba zai yiwu a auna kitsen kowace tsoka ba, sai aka yanka wa kowace irin dabba ƙiyasi guda, ya zamana mai sayen jan nama zalla da mai sayen kitse kuɗi ɗaya suke biya a kilo. Dokar da aka yi don ta raba mai kitse da marar kitse ta kasa raba su a kan teburin mahauci.

Ga kuma iyaka. Da ma can ƴan Danmak sun saba tsallakawa Jamus, wajajen garin Flensburg, su ciko mota da giya da lemun kwalba saboda arha. Ƴan kasuwa da manoma da masu masana'antu suka haɗa baki suka ce yanzu har man shanu can ake sayowa, ayyukan yi na gudu. Gwamnatin da ta yi dokar ta faɗi zaɓe makonni kaɗan kafin ta fara aiki, sabuwar gwamnatin Helle Thorning-Schmidt ta gaji ɗan da ba ita ta haifa ba. A Nuwamban 2012 ta sanar da sokewa, ran 1 ga Janairun 2013 aka daina karɓa, aka kuma fasa wani harajin sukari da aka shirya. Sai bayan an yi jana'iza masu bincike suka fito da sakamako: cin kitsen ya ragu da kimanin kashi 4 cikin 100. Ba yawa, amma ba banza ba. Babu dai wanda ya tsaya jiran wannan lissafi, domin muhawarar da aka yi a majalisa ta kuɗi ce da kasuwa, lafiya a bakin ƙofa aka bar ta.

Wata guda kafin Danmak, a Satumban 2011, Hangari ta fara nata, kuma yana nan har yau. Ita ba ta taɓa abincin yau da kullum ba. Kayan leda da na gwangwani ta lissafa, alewa, biskit, lemun kwalba, soyayyen dankali mai gishiri, abin shan nan mai sa ƙarfi. Jama'a suka laƙaba masa suna harajin cips. Wanda bai saya ba bai biya ba.

To amma lissafa suna ma yana da nasa ciwon kai, kuma nan ne ɗalibin harshe ke samun abin dariya. A Ingila harajin TVA ba ya hawa kan kek, amma yana hawa kan biskit mai rufin cakulan. A 1991 kamfanin McVitie's ya tsaya gaban kotu yana rantsuwa cewa Jaffa Cakes ɗinsa kek ne, hukuma na cewa biskit ne. Cikin hujjojin da aka kawo har da wannan: kek in ya kwana biyu taurare yake, biskit kuwa laushi yake yi, nasu kuma taurare yake. Kamfanin ya ci shari'a. A 2008 masu Pringles suka ce nasu ba soyayyen dankali ba ne, tunda dankalin da ke ciki kashi 42 ne kawai cikin 100. Kotu ta yarda, sai kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2009. A 2020 kotun ƙoli ta ƙasar Ailan ta yanke cewa burodin Subway ba burodi ba ne a idon doka, don doka ta ce sukarin burodi kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin fulawa, nasu kuwa ya kai kashi 10. Manyan alƙalai suna zaune suna tattauna ma'anar burodi! Mu a aji in malami ya tambaye mu iyakar ma'anar kalma muna ganin wasa ne, can kuwa miliyoyi ke rataye a kan amsar. Ku gwada da namu: fanke abinci ne ko ƙwalama? Ƙuli-ƙuli fa? Ga mai kuɗi abin taunawa ne yana kallon bal, ga ɗan lakwal da ya fito gida bai karya ba shi ne kalaci.

Meziko ce ta fi kowa nuna abin da ke cikin wannan faɗa, don can abin ya kai wuya. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kimanin manya 7 cikin 10 nauyinsu ya wuce kima, kusan 1 cikin 3 kuma ƙibar ta zama cuta. Ciwon sukari yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa shan lemun kwalba a duniya, kuma abin ya shiga jini har Vicente Fox, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2000, tsohon shugaban kamfanin Coca-Cola ne na ƙasar. A jihar Chiapas ta kudu, inda talauci ya fi yawa, akwai garuruwan da samun kwalbar lemu ya fi samun ruwan sha mai tsabta sauƙi, har a garin San Juan Chamula lemun ya shiga cikin kayan ibada a coci. Yarjejeniyar cinikin da suka ƙulla da Amurka da Kanada, wadda ta fara aiki a 1994, ta ƙara buɗe ƙofa, kayan leda suka cika kowane ɗan shago.

A Janairun 2014, zamanin shugaba Enrique Peña Nieto, aka fara karɓar peso 1 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari, abin da ya ɗaga farashi da kusan kashi 10 cikin 100. Aka kuma sa kashi 8 cikin 100 a kan kayan ƙwalama da ƙarfinsu ya kai kalori 275 a giram 100. Ku lura da dabarar: sun haɗa suna da awo. Sai abu ya kasance cikin jerin da aka lissafa, sannan ya kai awon. Abincin yau da kullum irin su tortiya, wainar masarar da ita ce tuwonsu, aka tsame shi. Burodin gari ya tsira, burodi mai zaƙi ya biya. Masu bincike na cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasar, ƙarƙashin Arantxa Colchero, suka bi sayayyar gidaje, suka ga a shekarar farko sayen lemun ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100, a gidajen talakawa kuwa kashi 9, a shekara ta biyu kuma raguwar ta kusa kashi 10.

Kada ku ɗauka cikin ruwan sanyi aka yi. Ƙungiyar kare masu saye ta Alejandro Calvillo, wadda ta ja gaba wajen neman dokar, ta sha fama kafin manyan gidajen talabijin su karɓi tallarta, domin kamfanonin lemu ne manyan masu ba su talla. A 2016, lokacin da ake neman a ninka harajin, aka riƙa aiko wa Calvillo da wani likitan bincike, Simón Barquera, da wani abokin gwagwarmayarsu saƙonnin tarko a salula. Cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta bincika, ta bayyana a 2017 cewa Pegasus ne, manhajar leƙen asirin da gwamnatoci ake sayar wa don farautar ƴan ta'adda. A kan peso guda a lita fa. Duk wanda ya ce muku maganar lemun kwalba ƙaramar magana ce, ku ba shi wannan labari.

Ingila ce ta zo da mudun da ni a ganina ya fi kowane wayo. A Maris na 2016 ministan kuɗi George Osborne ya sanar da haraji a kan lemun kwalba, amma ya ce sai Afrilun 2018 zai fara aiki, kuma kamfani ne zai biya, hawa-hawa. Lemun da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba babu ko sisi. A 2018, daga giram 5 zuwa 8 peni 18 ne a lita, daga 8 zuwa sama peni 24. Ma'ana an ba kamfanoni shekara biyu da ƙofar fita: ka rage sukari ka tsira. Suka kuwa yi rububin fita. Lucozade da Ribena da Irn-Bru duk suka sake haɗi, wasu suka tsaya daf da layi, giram 4 da ɗoriya. Coca-Cola ta asali ta ƙi taɓa haɗinta, ta zaɓi ta biya. Da farko gwamnati ta yi hasashen samun fam miliyan 520 a shekara, kafin a fara karɓa ta rage hasashen zuwa 240. Wannan ne harajin da raguwar kuɗinsa ita ce shaidar ya yi aiki. Tsakanin 2015 da 2019 sukarin da ke cikin irin waɗannan lemuka ya ragu da sama da kashi 40 cikin 100, yawancin masu sha kuma ba su canza ɗabi'a ba, abin da ke cikin kwalbar ne ya canza. Afirka ta Kudu ta bi irin wannan hanya a watan da Ingila ta fara, ta yafe giram 4 na farko ta sa kuɗi a kan kowane giram da ya biyo baya.

Saura babbar tambaya: ƙibar ta ragu? A nan sai a yi magana a hankali. A Meziko binciken 2018 ya nuna manya masu nauyin da ya wuce kima sun kai kashi 75 cikin 100, sun ƙaru ke nan. Masu adawa suka ce kun gani. Masu goyon baya suka ce peso guda ba zai kwance abin da aka shekara talatin ana ƙullawa ba, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ce sai farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100 ake ganin tasiri sosai. Ƙasar ta ƙara da wasu matakai, a 2020 ta tilasta manna baƙin tambari a gaban leda mai faɗin sukari ko gishiri ko kitse ya yi yawa, jihar Oaxaca kuma ta hana sayar wa yara kayan. A Ingila wani binciken jami'ar Kambirij na 2023 ya ga ƙiba ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 a tsakanin ƴan mata masu shekara 10 zuwa 11, musamman na unguwannin talakawa, amma bai ga haka a tsakanin maza ba. Abin da tarihin ya tabbatar shi ne harajin yana rage saye, yana kuma sa kamfani ya rage zaƙi. Kaiwa ga sikeli tafiya ce mai nisa. Akwai kuma zargin da ba a iya sharewa, cewa talaka ya fi jin nauyinsa tunda rabonsa na abinci cikin abin da yake samu ya fi girma. Amsar da ake bayarwa ita ce talakan ne kuma ya fi ragewa, shi ne kuma ciwon sukari ya fi karyawa. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga wanda ya mayar wa talakan kuɗinsa a hannu ba.

Wannan iska ta iso maƙwabta. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta sa naira 10 a kan kowace lita ta lemu mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Lita suka auna, ba sukari ba, don haka kamfani ba ya samun ladar ragewa. Kuma adadi ne tsayayye, naira kuwa kun ga yadda ta yi tun daga lokacin, har naira 10 ɗin ta zama abin da ba a jin sa a farashin kwalba. Mu wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda kaso mai yawa na lemu da biskit da alewar da ke shagunan Maraɗi da Damagaram ta Jibiya da Ɗan Isa da Magarya suke shigowa. In mutanen Danmak, da titi mai kwalta da jami'ai masu kwamfuta, sun kasa tsare iyakarsu da Jamus a kan man shanu, ku ƙiyasta tamu, inda rufe iyaka a 2019 bai hana shinkafa da fetur sanin hanyar daji ba.

Mu ma kuma mun taɓa ganin lanho a kan sukari, ko da yake ba don ƙiba ba. A farkon 2005, zamanin Tandja Mamadou, lokacin wasunmu ana goye wasu ba a haife su ba, gwamnati ta faɗaɗa TVA ta kashi 19 cikin 100 zuwa kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nouhou Arzika ke cikin jagororinsa, ya fito da dubban mutane kan titunan Yamai a watan Maris, aka yi ranakun da kasuwanni suka ƙi buɗewa a manyan garuruwa, aka kama jagororin, daga baya gwamnati ta ja da baya a kan madara da fulawa. Ku tambayi iyayenku, suna tune. A kalmomin wancan lokaci sukari cikin kayan masarufi yake, sahu ɗaya da ruwan sha. Abin da Landan ke kira guba, Yamai ta fito titi don kare shi, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

A shekarar nan dai ta 2005 yunwa ta faɗa wa ƙasar, Maraɗi ta zama cibiyar jinyar yara masu tamowa. Abin da ya ceci dubbai daga cikinsu wata ƴar leda ce, Plumpy'Nut, wadda har a Yamai ake haɗa ta. Mi ke ciki? Gyaɗa, sukari, mai, garin madara, da sinadaran gina jiki. Leda guda ta giram 92 tana ɗauke da kalori 500, kusan ninki biyu na awon da Meziko ta yanka wa kayan ƙwalama. Da awon kalori kaɗai za a bi, da maganin tamowa ne zai fara biyan harajin ƙiba. Har yanzu sama da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙasar nan ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A lokaci guda kuma, a Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, wa ke cikinmu da ba shi da kawu ko gwaggo da likita ya hana wa sukari da gishiri? Cutar biyu gida ɗaya suke kwana, wani lokaci ma uwa mai hawan jini ce ke goye da ɗa mai rama.

Harshenmu bai gama yarda cewa ƙiba cuta ce ba. In an ce wance ta yi ƙiba a gidan miji yabo ne, ga ita ga mijin. Ya murje, hutu ya karɓe shi, ya yi ɓul-ɓul. Rama ce ke sa a ja ka gefe a tambaye ka ko lafiya. Sai abin ya kai teɓa ko tumbi sannan tsokana ke shigowa. Ku ɗauki maganin ciwon kai da maganin ƙiba, ginin jimla iri ɗaya ne, amma na farko kore ciwon yake, na biyu kuwa in kin je wurin mai tallar magani a kasuwa kin ambace shi, wanda ke kawo ƙibar zai miƙo miki, irin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Likita da mai talla kalma ɗaya suke faɗi, kowa da abin da yake nufi. Duk mai son ya rubuta mana doka ko sanarwar rediyo a kan wannan sai ya fara warware wannan ƙulli.

In da za a tambaye ni, mudun Ingila zan nuna, a kan kayan kwalba da gwangwani kaɗai, a karɓa daga hannun kamfani da mai shigowa da kaya, a bar mai ƙosai da mai fanke su sarara. Sai dai na san iyakarsa. Yawancin sukarin da ni da ku muke sha bai taɓa shiga kwalba ba. A ƙulli ake sayo shi, na dala biyar na dala goma, a zuba a buta a fada, zagaye na ɗaya da na biyu da na uku, kowane ya fi na baya zaƙi. Yana cikin kunu da koko da lemun zoɓo na leda, yana cikin kofin mai shayi da ke zuba madarar gwangwani har sai ka ce ya isa, kai kuma ba ka cewa. Babu tambari a jikinsa, babu giram a mililita 100. Harajin da zai iya kai wa gare shi sai wanda aka sa a kan buhu tun daga duwan, irin na 2005 ke nan, wanda ya rufe kasuwanni.